Ƙullin Balbela

Da la'asar sakaliya aka aiko cewa ƙofar ruwa ta ƙi rufuwa. Ina tsugune a tsakar gida ina gyaran ƙotar fartanya, Yaya yana zaune a bakin ɗakinsa, hannu a kan gwiwa, yana kallon inda babu kowa. Mai saƙon ko sauka daga kekensa bai yi ba. Ya ce kogi ya ƙaru tun azahar, maza duk sun tafi kwanar kogi ta sama inda jinga ta tsage, suna jera buhunan yashi, ba wanda za a iya cirewa daga can. Ƙofa kuwa aikin gidanmu ce, kowa ya san haka.

Bari in faɗa wa wanda bai san wurin ba yadda yake. Gonakinmu a kwari suke, in kogi ya cika sai ya fi su tudu. Jinga ce ta raba mu da shi, dogon tudun ƙasa da iyaye suka tara da kwando da kwando. A ƙarƙashinta akwai babban kwalbati, ta nan ruwan gonaki ke fita zuwa kogi. A bakinsa ta wajen kogi akwai ƙofar ƙarfe, ana sauke ta da wani kambu mai kama da sitiyarin babbar mota. In kogi ya yi ƙasa a buɗe ta, in ya taso a rufe. In ya taso ba a rufe ba, hanyar da ruwa ke fita ita zai biyo ya shigo, kuma ba ya sallama. A wannan shekarar shinkafa ta riga ta sunkuyar da kai, saura kaɗan a sa mata lauje.

Da rani ya kamata a yashe magudana, a kwashe yashi, a janye itatuwan da suka faɗa ruwa. Amma ranar yasa sai ka ga ciwon baya ya sauka a gari gida-gida. Wannan matarsa ta haihu, wancan surukinsa ba lafiya, wani kuma ya tafi ta'aziyyar mutumin da ya rasu tun bara. Masu ƙarfin hali sun sare bishiyoyin gaɓa sun dasa albasa har bakin ruwa. In damina ta yi nisa, duk kututturen da aka yi wa kasala sai ya taho ya tsaya a ƙofarmu, mu ne za mu shiga mu gaishe shi.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mana shiga. Mutum biyu ne ke aikin, ɗaya a ruwa, ɗaya a kan jinga riƙe da igiyar da aka ɗaura a ƙugun na ruwan. Dokokin Baba ba su da yawa. A baya ake yin ƙulli, inda hannun mai shiga ba zai kai ba in ya ruɗe, kuma mai riƙo ne ke ɗaurawa, shi ne ke kwancewa. In aka girgiza igiya, ka ja. In ka ji ta yi sako-sako, kada ka janye ta, ka bar ta a ruwa, domin ita ce hanyarsa ta dawowa. Ta ƙarshen kuwa, a kanta ya fi ɗaure fuska. Ya ce kada ka saki igiya don abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji, sai ka taɓa mutuminka da hannu ka ji shi a jiƙe. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in rufe baki in riƙe igiya.

Yaya yana da 'ya ɗaya, muna kiranta Balbela, saboda siraran ƙafafunta da yadda take bin ubanta a gona duk inda ya sa ƙafa. Ta fara famfara, tana magana iska na fita ta giɓin. Yarinyar nan ba ta ga igiya ta wuce ta ba. Tana ganin ubanta yana ɗaure-ɗaure, ita ma ta ɗauka. Sai dai ba ta yarda da ƙulli ɗaya ba. Sai ta yi wani a kansa, ta yi wani a kan wancan, har su jeru kamar carbi, sannan ta tofa musu yawu ta ce sun kamu. Ta ɗaure akuya da ƙafar gado. Ta ɗaure takalmana da na ubanta ranar da muke sauri. Igiyar shanya, igiyar guga, mazagin wandona, ba wanda ya tsira. Uwarta ce ke kwancewa, da haƙori, tana yi tana mita, tana cewa ranar da haƙoranta suka zube Balbela ce za ta riƙa tauna mata abinci.

Bara, bayan ruwa ya ja baya, aka buɗe ƙofa don gonaki su tsane. Balbela ta biyo jinga tana neman ubanta, ƙasa ta zame da ita ta wajen gonaki, magudana ta ɗauke ta ta bi da ita cikin kwalbati zuwa kogi. Wata mata mai yankan ciyawa ce ta gani daga nesa. An nema har aka gaji, da kwale-kwale, da gora, da fitilu. Takalminta ɗaya aka samu a cikin kainuwa, ɗayan kuwa a kan jinga ta bar shi.

Tun daga nan Yaya ya zama baƙo a gidansa. Yana ci, yana salla, yana zuwa gona, amma in ka yi masa magana sai ta yi doguwar tafiya kafin ta same shi. Mutumin da ba ya wuce ni bai tsokane ni ba. Sarkin Barci yake kirana tun muna yara, ya daina. Na yi kewar sunan nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Da mai keke ya juya, Yaya ya miƙe. Ya ɗauko igiya daga jikin ƙusa, ya soke wuƙar yankan ciyawar ruwa a ƙugu, ya yi gaba. Ina neman tocila matarsa ta tare ni a bakin ƙofar gida. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baffan Balbela."

Rabon da ta kira ni haka tun ranar. Na tsaya.

"Jiya ya ɗauko takalman yarinyar nan ya wanke su, ya jera a ƙarƙashin gado. Yau da safe ya ce in yafe masa. Ni ba abin da ya yi min."

"Tunani ne kawai," na ce.

"Ni dai ka dawo min da shi. Kogin nan na ba shi ɗaya, ba ni da na ƙari."

Na ce mata in Allah ya yarda, na bi bayansa.

Yayyafi ake yi, irin wanda ba ya sa ka gudu amma yana jiƙa ka har ciki. Hanyar kan jinga ta yi santsi. A hagunmu gonaki, warin ɗanyar shinkafa da taɓo, kwaɗi sun cika kwarin da kuka. A damanmu kogi, ja wur, ya haura har ya shanye ciyawar gaɓa, yana tafe da rassa da ledoji da kumfa. Na hango mushen tunkiya ya wuce yana juyawa. Ba mu haɗu da kowa ba.

Tun kafin mu isa muka ji ƙofar. Ruwa na kutsawa ta ƙarƙashinta yana gurnani, kamar ana zuƙe shi daga cikin ƙasa. Ta ɗaya gefen har ya fara malala cikin kunyoyin farko. Muka kama kambun mu biyu muka murza. Ƙofar ta sauko rabi, ta daki wani abu, ta tsaya. Yaya ya zura doguwar gora mai ƙugiya ya lalubo.

"Kututture ne," ya ce. "Ya gitta."

"Bari ni in shiga yau."

"Ba ka san bakin ƙofar nan kamar ni ba."

Gaskiya ya faɗa. Ya tuɓe riga ya ninke ta, ya ɗora takalmansa a kai. Ninkin nan ya dame ni, don Yaya ba mai ninke riga ba ne. Ya juya min baya, na zagaya igiyar a ƙugunsa na yi ƙullin Baba, na ja na ƙara ja. Bayansa ya rame, ƙasusuwan sun fito.

"Ka matse da yawa," ya ce.

"Haka nake so."

Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara magana. Sai ya dafa kafaɗata, ya bi matakalar ƙarfe ya sauka.

Turken da ake naɗa igiya yana baya kaɗan da bakin bangon siminti, don haka mai riƙo ba ya ganin na ruwa. Igiyar ce idonsa. Na naɗa ta a turken, na kafa ƙafa, ina saki kaɗan-kaɗan. Ta cikinta nake jin komai. Na ji ya taka matakalar ƙarshe. Na ji ruwa ya kama shi ya fizga, ya dafe. Na ji yana sara, yana ture, yana nutsewa ya taso. Daga can cikin gari aka fara kiran magariba, iska na kawo shi tana mayarwa.

Haske ya yi ta raguwa. Can na ji wani ƙara mai nauyi, ƙarfe ya yi kuka, kututturen ya ɓalle. Na gan shi ya fito fili, baƙi, yana juyawa, ruwa ya tafi da shi. Na ce alhamdulillahi, na gyara tsayuwa ina jiran a girgiza igiya.

Ba a girgiza ba.

Sai kwaɗi suka yi shiru, dukkansu a lokaci ɗaya.

Wani wari ya iso ni, irin na tsohuwar laka da aka tono daga ƙasan rijiya. Sanyi ya bi ta gefen damana.

"Sarkin Barci, a tsaye ma barcin kake?"

Muryar Yaya ce. Ba ta yanzu ba, ta da, mai dariya a ciki. Zuciyata ta yi tsalle kafin hankalina ya iso. Na waiga.

Yana tsaye a gefena, sanye da rigarsa, yana murmushi. Kumatunsa a cike, kamar shekarar nan ba ta bi ta kansa ba.

"Na fito ta wancan gefen," ya ce a hankali. "An gama. Saki mu tafi gida."

Wallahi na so in yarda. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan ya zama yayana ba. Har yatsuna sun fara sassautawa.

Sai na ga rigar. Yayyafi na sauka a kaina, yana bin fuskata, amma rigarsa a bushe take. Gashinsa a bushe. Na saci kallon bakin bango, ga rigar Yaya can a ninke, takalma a kai, ruwa ya jiƙa ta.

Igiyar kuma da nauyi a hannuna.

Na mayar da idona kan turke. Na nemi addu'a a bakina, harshena ya yi nauyi, farkonta kawai nake ta maimaitawa.

"Abin da ke jikin igiyar nan ba ni ba ne," ya ce. "Kar ka jawo wa kanka abin da ba za ka iya kallo ba."

Na ƙara damƙe igiyar.

"To kawo in riƙe maka. Hannunka ya gaji."

Ya matso. Ban ji takunsa a cikin taɓo ba. Ban ji numfashinsa ba. Warin ne kawai ya ƙaru.

A nan ne igiyar ta mutu a hannuna.

Nauyin ya tafi gaba ɗaya, har na yi baya kamar zan faɗi. Ta kwanta a kan siminti, sako-sako, ruwa na wasa da bakinta.

Na kira Yaya. Gurnanin ƙofa ya haɗiye muryata.

"Ka gani?" in ji na gefena. "Ba kowa. Janyo ta ka duba."

Duk jikina ya ce in janyo. Ƙafafuna suka ce in ruga bakin bango in leƙa. Amma in na janye ta, me zai kama in ya miƙo hannu? In na bar turke, wa zai ja?

Na tsaya. Ina riƙe da igiyar da ba kowa a jikinta, hawaye na haɗuwa da ruwan sama a bakina.

Muryar ta sake. Ta zama ta Baba, da tarinsa da komai.

"Yaro, ya isa. Ka yi iya yinka."

Na runtse ido.

Sai ta dawo ta Yaya, amma ta yanzu, gajiyayyiya, wadda nake ji a gida. Ta matso har kunnena.

"Shi ma ba ya so ka ja. Ka sani."

Wannan ce ta fi yi min ciwo, domin na sani.

Ban saki ba. Ba jarumta ba ce, hannuwana ne suka ƙage, kuma fuskar matarsa a bakin ƙofa ta ƙi barin idona.

Ban san tsawon lokacin da na yi haka ba.

Sai na ji motsi a igiyar.

Ba fizgar ruwa ba ce. Wani ɗan motsi ne, ƙanana-ƙanana, kamar ana taɓa ta da yatsu. A tsaya. A sake. A tsaya. A sake.

Na gefena ya yi shiru.

Igiyar ta miƙe a hankali. Nauyi ya dawo.

Aka girgiza ta.

Ba girgizar Yaya ba ce, tasa tana kusan fizge maka kafaɗa. Wannan 'yar ƙarama ce, irin yadda yaro ke jan gefen rigarka in yana so ka dube shi.

Na ja.

Na ja har fatar tafina ta saɓule. Ruwa na ja, ina ja. Ina naɗawa a turke, ina ƙara ja. Wani abu mai sanyi ya kama wuyan hannuna na dama, ya matse. Ban duba ba. Addu'ar da ta maƙale ta ɓalle, na yi ta da ƙarfi, ina ja.

Kai ya bayyana a bakin bango. Sai kafaɗa.

Na ɗaure igiyar a turke, na rarrafa na kama shi ta hammata na jawo shi kan jinga. A jiƙe yake. Sanyi ƙalau, laka har cikin kunne, amma a jiƙe. Na kifa shi na danna bayansa, ruwa ya fito ta baki da hanci. Na danna, na danna. Ya yi tari.

Da na ɗaga kai ba kowa a kan jinga. Sai dai a inda abin ya tsaya, ƙasa a bushe take, tana ƙura, ruwan sama na sauka kewaye da ita.

Na kama kambun ni kaɗai na murza. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Ƙofar ta sauka har ƙasa, gurnanin ya ɗauke. Cikin shirun nan kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa.

Yatsuna sun ƙi kwance ƙullin, don haka na warware igiyar daga turke, na naɗe ta a hannu, na goya Yaya da ita a ƙugunsa. Ban waiwaya ba har muka sauka daga jinga. Yana bayana yana rawar sanyi, bakinsa a kunnena, yana ta faɗin magana ɗaya.

"Me ya sa ka ja? Me ya sa ka ja?"

Matarsa tana tsaye a inda na bar ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi komai ba. Ta hura wuta, ta kawo bargo, muka kwantar da shi. Ni na kwance ƙullin Baba da hannuna kamar yadda doka ta ce, na jefa igiyar a bayan ƙofa ban ko dube ta ba.

Da safe na fito na same ta zaune a tsakar gida, ta ɗauko igiyar za ta wanke mata laka. Ruwan na cikin bokiti, ba ta taɓa shi ba. Igiyar na kan cinyarta.

"Zo ka gani," ta ce.

Kusa da inda ta zagaya ƙugunsa, an yanke igiyar. Yanka ɗaya, mai kyau, na wuƙa mai kaifi. Baba ya yi tunanin hannun mai shiga, bai yi tunanin wuƙarsa ba. An kuma haɗa bakin biyu an ɗaure. Ƙulli, da wani a kansa, da wani a kan wancan, sun jeru kamar carbi.

Na zauna a ƙasa kusa da ita.

Ta ɗaga igiyar ta kai bakinta, yadda ta saba. Na ga haƙoranta sun taɓa ƙullin farko. Sai ta tsaya. Ta bar shi a kan leɓenta, ta rufe ido, kafaɗunta suka fara rawa. Tun rasuwar ban ga ta yi kuka a gaban mutum ba sai ranar.

Yaya ya yi kwanaki yana zazzaɓi. Ranar da ya fara zama, na shiga na same shi ya jingina da bango. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

"Ni na yanke."

"Na sani."

"Sai da na gama aikin. Ban so a ce na bar gonakin mutane."

Ya kalli tafin hannunsa.

"Na gan ta. A bakin kwalbatin, a tsaye, ruwa bai ko motsa rigarta ba. Na ce, Balbela, ga ni na zo. Na miƙa mata hannu." Ya ja bargo ya rufe kafaɗarsa. "Ba ta kama ba. Ko tsayawa kallona ba ta yi ba. Ta zagaya bayana, kamar wadda aka aika. Ina jin yatsunta."

"Ta ce wani abu?"

"Da ta gama ta tofa."

Muka zauna har matarsa ta shigo da ruwan zafi.

Na kai maganar wurin wani malami da nake girmamawa. Ya ce wanda ya rasu ba ya dawowa, amma ruwa yana da mazauna, a cikinsu akwai mugu akwai na kirki, kuma suna ɗaukar kamar wanda suka ga dama. Ban yi masa musu ba, ya fi ni sani. Na dai san abin da ya tsaya a gefena ya so in saki, abin da ke ƙasa kuma ya ɗaura. Shatin yatsu a wuyan hannuna ya daɗe kafin ya baje.

An yanke shinkafa lafiya a shekarar. Da rani ya zo, na bi gida-gida da kaina ranar yasa, kuma duk wanda ya ce min bayansa na ciwo sai in tsaya a ƙofarsa in yi shiru har kunya ta fito da shi. Mun kwashe yashi, mun janye kututture, mun dasa itatuwa a gaɓa. Ba wanda ke zuwa ƙofar ruwa da magariba kuma, ko da mutum nawa ne.

Yaya bai sake shiga ruwa ba. Yanzu ni ke shiga, shi ke riƙo, kuma ba a taɓa yin mai riƙo irinsa ba. Yana ci, yana hira kaɗan-kaɗan, wani lokaci har ya yi wa matarsa dariya. Sau ɗaya yana ɗaura min igiya ya fara cewa Sarkin Barci, ya ga yadda jikina ya yi, bai ƙarasa ba. Ban gaya masa dalili ba, shi ma bai sake ba. Abin nan na kan jinga bai sami yayana ba, amma ya tafi da sunan.

Sabuwar igiya muka saya. Tsohuwar tana rataye a ɗakinsu, a jikin ƙusa, sama da takalman. Wata rana na ga matar Yaya tana share mata ƙura da gefen mayafinta, ta lura ina kallo.

"Duk gidan nan na duba," ta ce. "Igiyar guga, igiyar shanya, ƙafar gado. Ko ɗaya ban bari ba. Duk na kwance su, ina yi ina mata faɗa."

Ta gyara wa igiyar zama a kan ƙusar.

"Wannan kaɗai ya rage min."